Hukumar Lafiya ta Ƙaramar Hukuma: Ayyukanta na Yau da Kullum a Kasuwar Bodija da Unguwar Sabo, Ibadan

Kasuwar Bodija ita ce babbar kasuwar kayan abinci ta birnin Ibadan, hedikwatar Jihar Oyo. A kowace rana manyan motoci suna sauke mata wake, masara, dawa, gero, albasa da busasshen barkono daga Arewa, ga kuma doya, garin rogo da manja daga ƙasar Yarabawa. An buɗe ta a 1987, bayan da aka kwaso masu sayar da kayan abinci daga Orita Merin wadda ta yi musu kaɗan, tare da dillalan shanu daga Sango. Da yawa daga cikin Hausawan da ke fatauci, dillanci da dako a cikinta suna da alaƙa da Sabo, tsohuwar unguwar Hausawa da ke kusa da Mokola, wadda aka kafa a 1916. Tsakanin wuraren biyu akwai tafiyar 'yan kilomitoci, amma dukansu suna cikin Ƙaramar Hukumar Ibadan ta Arewa, saboda haka hukumar lafiya ɗaya ce ke kula da su.

Mafi yawan aikin wannan hukuma ana yin sa ne kafin cuta ta bayyana, shi ya sa mutane ba su cika lura da shi ba sai ranar da aka rufe wata rumfa ko aka ji labarin annoba. Bayanin da ke tafe ya fayyace abin da doka ta ɗora mata, jami'an da ke cikinta, da inda ikonta ya ƙare na jiha ko na tarayya ya fara.

Abin da doka ta ɗora wa ƙaramar hukuma

Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi. A cikinsu akwai kafawa da kula da kasuwanni, mayankar dabbobi, tashoshin mota da ban-ɗakunan jama'a. Kwashe shara da ƙazanta. Kula da maƙabartu. Da kuma sa ido a kan gidajen abinci, gidajen burodi da duk wurin da ake sayar wa jama'a abin ci. Jadawalin ya kuma ce ƙaramar hukuma za ta shiga cikin aikin samar da kiwon lafiya tare da gwamnatin jiha.

A tsarin lafiya na ƙasa an raba nauyi gida uku. Gwamnatin tarayya tana riƙe da asibitocin koyarwa, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, wato UCH, wanda aka buɗe a 1957. Gwamnatin jiha tana riƙe da manyan asibitoci, irin su asibitin haihuwa na Adeoyo da ke Yemetu. Matakin farko kuwa, wanda ya ƙunshi ƙananan asibitocin unguwanni, allurar rigakafi, awon ciki da tsaftar muhalli, shi ne fagen ƙaramar hukuma.

A 2011 Majalisar Lafiya ta Ƙasa ta amince da tsarin tattara kiwon lafiya na matakin farko a ƙarƙashin inuwa ɗaya. Bisa wannan tsari kowace jiha tana kafa hukumarta, kuma a Oyo ita ce Hukumar Kiwon Lafiya a Matakin Farko ta Jihar Oyo. Ita ke tsara manufofi da lura da ma'aikata, yayin da ofishin lafiya na kowace ƙaramar hukuma ke aiwatar da aikin a unguwanni. Jihar tana da ƙananan hukumomi 33 da mazaɓu 351. Ƙaramar Hukumar Ibadan ta Arewa, wadda aka ƙirƙira a 1991, tana da sakatariyarta a Agodi, kuma ƙidayar 2006 ta nuna mazaunanta sun haura 300,000.

Taƙaitaccen tarihi

Aikin duba tsafta ya girmi asibitocin unguwanni da shekaru masu yawa. Dokar Lafiyar Jama'a ta 1917, ta zamanin mulkin mallaka, ta bai wa jami'ai ikon shiga gidaje su duba randa, masai da magudanar ruwa. Hausawa suka sa wa irin wannan jami'i suna duba-gari, Yarabawa kuma suka kira shi wole-wole, wato mai shiga gida-gida. An riƙa jin tsoronsa, domin yana iya kai maigida kotu saboda tsutsar sauro da ya gani a cikin randa. Makarantar horar da waɗannan jami'ai da ke Eleyele a Ibadan ta fara aiki a 1933, kuma a yau ita ce kwalejin kimiyyar lafiya ta Jihar Oyo. Kano ma ta samu irinta a farkon shekarun 1930.

Cutar kwalara ta shigo Najeriya a ƙarshen 1970, kuma Ibadan na cikin biranen da ta yi wa ɓarna a 1971. A 1978 ƙasashen duniya suka amince a taron Alma-Ata cewa kiwon lafiya na matakin farko shi ne ginshiƙin lafiyar al'umma. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya dasa wannan tsari a Najeriya, ya kuma mayar da ƙaramar hukuma cibiyarsa. A 1992 aka kafa hukumar NPHCDA domin tallafa wa jihohi da ƙananan hukumomi. A 2002 kuma aka yi dokar da ta kafa majalisar yi wa jami'an tsaftar muhalli rajista, aikin duba-gari ya zama sana'a mai lasisi.

Jami'an da ke cikin ofishin

Shugaban ofishin lafiya na ƙaramar hukuma yawanci likita ne, ko kuma babban jami'in lafiyar al'umma. A ƙarƙashinsa akwai jami'in rigakafi, da mai kula da ma'ajiyar sanyi ta allurai, da jami'in sa ido a kan cututtuka, da jami'in wayar da kai, da masu kula da shirye-shiryen zazzaɓin cizon sauro, tarin fuka, abinci mai gina jiki da lafiyar mata masu juna biyu. Akwai kuma mai tattara alƙaluma, wanda rahoton kowane asibiti ke biyowa ta hannunsa a ƙarshen wata. A asibitocin unguwanni ma'aikatan jinya, unguwarzoma da ma'aikatan lafiyar al'umma ne ke karɓar marasa lafiya.

Jami'an duba-gari suna da sashensu na tsaftar muhalli, kuma su ne ɗan kasuwa ya fi haɗuwa da su. A kowace mazaɓa ana sa ran samun kwamitin raya mazaɓa, wanda ya ƙunshi shugabannin unguwa, malaman addini, wakilan mata da na 'yan kasuwa. Kwamitin ne ke kai koken jama'a ga asibiti, ya kuma dawo musu da saƙon hukuma. A Sabo, saƙon da ya bi ta fadar Sarkin Sabo da masallatai ya fi saurin isa cikin gidaje. A Bodija kuwa ana bi ta shugabannin ƙungiyoyin kasuwa, domin masu hatsi, masu albasa, mahauta da 'yan dako kowa da nasa shugaba.

Zagayen duba-gari a cikin kasuwa

Abubuwan da jami'in duba-gari ke nema a zagayensa sanannu ne. Yana duba magudanun ruwa ko sun toshe, da inda ake tara shara, da halin ban-ɗakunan kuɗi: ko akwai ruwa, ko ramin ya cika, ko ana sakin ƙazanta cikin lambatu. Yana duba rijiyoyi da rijiyoyin burtsatse da masu abinci ke ɗiba. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a bar tazarar kusan mita 30 tsakanin rijiya da masai, abin da ke da wuya a wurin da rumfa ke manne da rumfa.

A wajen masu dafa abinci, masu shayi da masu tsire, jami'in yana lura da ko an rufe abinci daga ƙuda da ƙura, da irin ruwan da ake wanke kwanuka da shi, da ko akwai wurin wanke hannu da sabulu. Ana kuma buƙatar masu sarrafa abinci su riƙa yin gwajin lafiya lokaci zuwa lokaci, su riƙe takardar shaida. Dalili shi ne, mutum na iya ɗauke da ƙwayar cutar taifot bayan ya warke, ya ci gaba da yaɗa ta ta hannunsa ba tare da ya sani ba.

Idan jami'i ya ga abin da ya saɓa wa doka, matakin farko shi ne jan kunne da baki. Idan ba a gyara ba, sai ya ba da rubutacciyar takardar gargaɗi wadda ta bayyana laifin da wa'adin gyara shi. Idan wa'adin ya cika ba a yi kome ba, sai a kai maganar gaban kotu, kuma kotu ce ke yanke tara. Abincin da ya lalace ana iya ƙwace shi a lalata. Duk kuɗin da aka biya ga hukuma dole ne ya zo da rasit.

Kwashe shara aiki ne da ƙaramar hukuma ke yi tare da gwamnatin jiha da 'yan kwangila masu zaman kansu. A Ibadan maganar shara tana haɗe da ta ambaliya. Kogin Ogunpa ya yi mummunar ambaliya ranar 31 ga Agusta, 1980, sannan birnin ya sake ganin wata ranar 26 ga Agusta, 2011, wadda ta ci rayuka masu yawa. Zubar da shara a hanyoyin ruwa da gini a bakin rafi suna cikin dalilan da aka danganta ɓarnar da su. Idan ruwa ya yi ambaliya yana kwaso ƙazantar masai ya zuba a rijiya, daga nan kuma sai amai da gudawa. Saboda haka yashe lambatu kafin faɗuwar damina yana cikin manyan ayyukan shekara, kuma damina a Ibadan kan fara tun wajen watan Maris ko Afrilu, kafin ta Arewa.

Hatsi, ɓera da maganin ƙwari

Inda aka tara buhunan hatsi, nan ɓera ke taruwa. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu, yana yaɗuwa ne ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera mai yawan nonuwa, kuma ya fi ƙamari a lokacin rani. Shawarar da jami'ai ke bai wa masu shaguna ita ce su ɗora buhu a kan katako nesa da bango, su toshe ramuka, su share hatsin da ya zube kafin su rufe shago, su kuma daina shanya abinci a ƙasa a gefen hanya.

Matsala ta biyu ita ce ta magungunan adana hatsi. Wasu 'yan kasuwa suna yayyafa wa wake maganin ƙwari mai sinadarin dikulobos domin hana shi ƙwari, alhali ba a yi wannan magani don a zuba shi kai tsaye a kan abin ci ba. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan wannan sinadari da aka samu a cikinsa. Haka kuma an haramta nunar da ayaba, mangwaro da makamantansu da kabaid ɗin masu walda. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke da ikon yi wa irin waɗannan sinadarai rajista da gwada su. Jami'in duba-gari shi ne na kusa da ke iya gani, ya tsare kayan, ya kai rahoto. Buhunan adana hatsi masu ninki uku, waɗanda ke hana iska shiga har ƙwarin ya mutu, suna ba da mafita ba tare da an sa magani ba.

Nama da mayanka

Duba nama aiki ne na hukumomi biyu. Likitocin dabbobi na ma'aikatar aikin gona ta jiha su ke duba dabba kafin a yanka da kuma bayan an yanka. Suna neman alamun tarin fuka na shanu a huhu da kaluluwa, tsutsar hanta, da cutar ɓarin ciki da makiyaya ke kira bakkale, wadda ke kama ɗan Adam ta ɗanyen nono da taɓa jini ko mahaifa. Duk sashen da ya kamu ana cire shi a lalata. Jami'an tsaftar muhalli kuma suna lura da ruwan wanke nama, inda ake zubar da jini da tumbi, motar ko babur ɗin da ke ɗauko nama, da teburan da ake sayar da shi.

Dabbar da ta mutu farat ɗaya, musamman idan jini na fita ta hanci ko dubura, ba a feɗe ta, domin tana iya kasancewa da ciwon saifa. A Yulin 2023 gwamnatin tarayya ta tabbatar da ɓullar wannan cuta a wata gona a Suleja, Jihar Neja, aka kuma gargaɗi mahauta da masu harkar fata a faɗin ƙasar.

Mayankar Bodija ta daɗe tana cikin mafi girma a kudu maso yamma, an kuma daɗe ana kokawa kan halin tsaftarta. A 2018 gwamnatin Abiola Ajimobi ta umarci mahautan Ibadan su koma sabuwar babbar mayanka da aka gina a ƙauyen Amosun, cikin Ƙaramar Hukumar Akinyele. Wasu mahauta suka ƙi, suna kukan nisa da ƙarin kuɗin da za su kashe. A watan Yuni na shekarar aka yi arangama da jami'an tsaro a Bodija, aka rasa rayuka, aka kuma rufe kasuwar na 'yan kwanaki. Lamarin ya nuna irin tsadar da dokar lafiya ke yi idan ta taɓa abincin mutane kafin a cimma matsaya da su.

Allurar rigakafi da lafiyar uwa

A asibitocin unguwanni, rigakafin yara shi ne aikin da ba ya yankewa, kuma kyauta ne. Da zarar an haifi jariri ana ba shi allurar tarin fuka, ta ciwon hanta da ɗigon shan inna. A mako na 6, na 10 da na 14 yana karɓar allurar da ta haɗa kariya daga cututtuka biyar, ciki har da mashaƙo, tarin shiƙa da sarƙewar haƙora, tare da ta ciwon huhu, ta shan inna da ta gudawar yara, wadda aka shigar cikin jadawalin ƙasa a 2022. A wata na 9 sai ta ƙyanda, ta shawara da ta sanƙarau, sannan a maimaita ta ƙyanda a wata na 15. A Oktoban 2023 Najeriya ta fara bai wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar kariya daga sankarar bakin mahaifa.

Mafi yawan waɗannan allurai suna buƙatar sanyin da ke tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyas. Saboda haka mai kula da ma'ajiya yana duba ma'aunin firji safe da yamma yana rubutawa, kuma ana kai allurai unguwanni a cikin akwatunan sanyi. A jikin kwalaben akwai wata 'yar alama da ke sauya launi idan zafi ya lalata maganin.

Iyalan fatake suna da matsala tasu. Uwa na iya haihuwa a Ibadan, ta tafi wankan jego Kano ko Sakkwato, ta dawo bayan watanni. Idan katin rigakafi ya ɓace a hanya, ma'aikaciya ba ta da tabbacin inda aka tsaya. Katin yana aiki a kowane asibitin gwamnati a Najeriya, kuma yaron da aka tsallake masa allura ba a sake masa daga farko, ana ci gaba ne daga inda aka tsaya. Annobar mashaƙo da ta ɓarke a Kano da wasu jihohi daga ƙarshen 2022 ta fi kama yaran da ba su kammala rigakafinsu ba. Domin isa ga irin waɗannan yara, ma'aikata kan fita da allurai zuwa cikin kasuwa da tashoshin mota.

A ranar awon ciki ana auna hawan jini, ana duba yawan jini, ana ba da ƙwayoyin ƙarin jini da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Idan aka ga alamar haɗari, kamar kumburin fuska, zubar jini ko jijjiga, ana tura mace babban asibiti nan take. Haka nan, duk wanda ya yi tari na mako biyu ana gwada majinarsa kyauta, kuma maganin tarin fuka, wanda akan sha na wata 6, kyauta ne. Wannan ya shafi 'yan dako da 'yan ci-rani da ke kwana da yawa a ɗaki ɗaya ko a cikin rumfa.

Sa ido a kan cututtuka

Kowane asibiti, na gwamnati da mai zaman kansa, yana aika wa jami'in sa ido rahoto a kowane mako, ko da babu wanda ya kamu. Wasu cututtuka kuwa ba a jiran ƙarshen mako: kwalara, zazzaɓin Lassa, shawara, ƙyanda, sanƙarau da mashaƙo ana sanar da su nan take. Jami'in yakan je gidan mai cutar, ya ɗauki samfur, ya rubuta sunayen waɗanda suka yi cuɗanya da shi, sannan ya aika wa ma'aikatar lafiya ta jiha, ita kuma ta sanar da hukumar NCDC a Abuja. Lambar kiran NCDC ta kyauta ita ce 6232.

Duk yaron da bai kai shekara 15 ba, wanda ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, ana ɗaukar samfurin bayan-gidansa sau biyu, da tazarar aƙalla awa 24, a cikin kwana 14 da fara ciwon. Ɗaya daga cikin ɗakunan gwajin shan inna na ƙasa yana Jami'ar Ibadan, ɗayan kuma yana Maiduguri. Wannan bibiya na cikin hujjojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta dogara da su ranar 25 ga Agusta, 2020, lokacin da ta ayyana cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, bayan na ƙarshe da aka gani a Borno a 2016. Ana ci gaba da zagayen ɗigon baki ne saboda wani nau'in ƙwayar da ke yaɗuwa a wuraren da rigakafi ya yi ƙaranci.

Idan kwalara ta ɓulla, ofishin lafiya yana zuba sinadarin kulorin a rijiyoyi, yana raba gishirin haɗi na ORS, yana feshin gidaje, yana kuma lura da yadda ake wanke gawa da binne ta, domin gawar mai kwalara tana yaɗa cutar. A 2021 Najeriya ta samu fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,000 suka rasu. Kwalara na iya kashe babban mutum cikin sa'o'i saboda ƙarewar ruwan jiki, amma mafi yawan waɗanda aka fara bai wa ruwan ORS da wuri suna warkewa.

Inda kuɗin aikin ke fitowa

Albashin ma'aikata da kuɗin gudanarwa suna fitowa ne daga kason ƙananan hukumomi da kasafin jiha. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ƙara wata hanya, inda ta kafa asusun kiwon lafiya na matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Dokar ta ware kashi 50 na asusun ga inshorar lafiya, kashi 45 ga magunguna, gyaran asibitoci, kayan aiki da horar da ma'aikata, kashi 5 kuma ga agajin gaggawa. Wani ɓangare na kuɗin yana shiga asusun asibitocin da aka zaɓa kai tsaye, kuma wakilin kwamitin mazaɓa yana cikin masu lura da yadda ake kashe shi.

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Hukuncin ya sake taso da tambayar wa zai ɗauki nauyin ma'aikatan lafiya na matakin farko, tsakanin hukumar jiha da ƙaramar hukuma. A Bodija akwai ƙarin tambaya da 'yan kasuwa ke da haƙƙin yi: nawa ne daga harajin da ake karɓa a kasuwa ke komawa ga ruwa, ban-ɗaki da kwashe shara.

Matsalolin da ke rage ƙarfin aikin

Ta farko ita ce ƙarancin ma'aikata. Jami'an duba-gari sun yi kaɗan a faɗin ƙasar, masu ritaya kuma ba a cika maye gurbinsu ba. Ta biyu ita ce yawan hukumomin da ke da hannu a abu guda, ta yadda buhun wake ɗaya zai iya shafar duba-gari, NAFDAC da ma'aikatar aikin gona, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara. Ta uku ita ce harshe. Mafi yawan ma'aikata suna aiki da Yarabanci da Turanci, alhali baƙon da ya iso da mota jiya, ko matar aure da ba ta cika fita ba, Hausa kaɗai suka iya. Ma'aikatan sa-kai masu jin Hausa, musamman mata da ke iya shiga cikin gida, su ne ke cike wannan giɓi. Ta huɗu kuma ita ce tsoro: ɗan kasuwa na iya ɓoye mara lafiya don gudun kada a rufe masa shago, alhali jinkirin kwana ɗaya na iya sa cutar ta kai ga layin gaba ɗaya.

Abin da ya kamata mazauna da 'yan kasuwa su sani

Duk jami'in da ya zo duba shago ko gida, ana iya neman ya nuna katin shaidarsa. Idan ya ba da takardar gargaɗi, a karanta wa'adin, ko a nemi wanda zai fassara, a kuma adana takardar. Kada a biya kuɗi ba tare da rasit ba. Wanda ke da koke zai iya kai shi ta shugaban ƙungiyarsa, ko kwamitin mazaɓa, ko kai tsaye zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma a Agodi.

Idan aka ga mutum biyu ko fiye a gida ɗaya ko layi ɗaya suna gudawa mai kama da ruwan shinkafa, a fara ba su ruwan ORS, a garzaya da su asibiti mafi kusa, a kuma sanar da ma'aikata inda suka ci abinci da inda suka sha ruwa. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro bayan 'yan kwanaki, musamman ga mai aiki a shagon hatsi, yana buƙatar gwaji a asibiti. Iyaye kuma su riƙa sa katin rigakafin yaro a cikin kayan tafiya duk lokacin da za su je gida ko za su dawo Ibadan.